Ajiyar Madani

Gwaggo ta rasu ana saura kwana tara a kama azumin 2023, tana da shekara 84. Ba a taɓa kayanta ba sai bayan ƙaramar salla, da dangi suka taru don rabon gado. Abin da ta bari ba shi da yawa: tumaki huɗu, da gado mai rumfa, da jeren kwanoni, da zannuwa, sai wata tsohuwar adaka ta ƙarfe a ƙarƙashin gadon, wadda makullinta ya shekara da shekaru ɗaure a bakin zanenta. Ni aka miƙa wa makullin, domin ni ne mai sunan mahaifinta, ni take ce wa Babana.

Ina ɗaga murfi ƙanshin turaren wuta ya taso, kamar ita ce ta gifta. A can ƙasa, cikin wani tsohon zanen saƙi, abu biyu ne naɗe wuri guda: butar jan ƙarfe, da hoto ɗaya a cikin ambulan. Malamin da ke rabon ya kai hannu zai jera butar cikin kaya, sai babbar 'yar Gwaggo ta ce daga bayan labule, "Allah ya gafarta Malam, a dakata. Wannan ba tata ba ce, ajiya ce." Ya ce, "Ajiyar wa?" Ba mu gama ba shi amsa ba sai da aka kira la'asar, domin sai da aka koma baya shekara 77.

Hoton bai fi tafin hannu ba, baƙi da fari ne, amma tsufa ya sa ya yi jaja-jaja. Mutum shida ne a ciki. A tsakiya kakana ne, wanda duk gida ke kira Malam, zaune a kujerar katako da babbar riga da rawani, hannayensa a kan gwiwoyi, ya tsare gaba da ido. Dama da shi kakata, Iya, ta yafa lafaya irin ta matan Sudan, tana rungume da yaro ɗan shekara biyu wanda fuskarsa ta dushe don ya motsa lokacin ɗauka. Wannan shi ne mahaifina. A baya wani dogon saurayi yana tsaye cikin jallabiya da 'yar farar hula, shi kaɗai ne ke da alamar murmushi. Ƙanen Malam ne, wanda muka tashi muna jin ana kira Baffan Madani. Gwaggo tana hagu, yarinya 'yar sha biyu, ta riƙe hannun wata budurwa da ta raɓe a gefe, kafaɗarta ɗaya ma ba ta shiga ba. Sau biyu Gwaggo ta taɓa nuna mini hoton, sau biyun na tambaye ta wace ce wannan, ta ce, "Maƙwabciyarmu ce, Babana," ta kama wani zancen. A ƙasa kuwa, dab da ƙafar Malam, ga butar nan a ajiye. A bayan hoton akwai hatimin ɗakin ɗaukar hoto da Larabci, Wad Madani, ƙarƙashinsa kuma rubutun Malam da ajami: shekarar husufin rana.

Butar tana cin ruwan alwalar mutum biyu. Jikinta ya yi duhu, mariƙinta kaɗai ke sheƙi don yawan hannun da ya bi ta kansa. Ta loɓa a kafaɗa, kuma a gindinta akwai liƙin dalma mai faɗin kobo. Baffa ne ya saye ta a kasuwar Kurmi da kakar 1946, da kuɗin gyaɗar gayaunarsa, kuɗi na farko da ya taɓa riƙewa nasa na kansa. Yana da shekara kamar sha takwas, kuma ya saye ta ne don tafiya.

A wancan zamani zuwa Makka ba ƙaramin al'amari ba ne. Ko a cikin sarakuna alhaji abin nunawa ne, shi ya sa Kanawa suka laƙaba wa Abdullahi Bayero Sarki Alhaji bayan ya sauke farali a 1937. Talaka kuwa in ya ɗaura niyya, sallama yake yi irin ta wanda ba ya sa ran dawowa: ya biya bashi, ya nemi gafara gida gida, ya danƙa gonarsa ga ɗan'uwa. Hanyar gabas tsohuwa ce, alhazai da fatake sun daɗe suna taka ta. Ta ƙara cika bayan yaƙin Burmi a watan Yuli 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya yana hijira. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a har bakin Kogin Nilu, suka kafa garin da har yau ke amsa sunansa a kudu da Sinnar. Tun daga nan duk wanda ya fita daga ƙasar Hausa ya san akwai nasa a gaba.

Malam mai makarantar allo ne a wani ƙauye kusa da Gaya. Da ya je neman izinin mahaifiyarsu, wadda ake kira Tsohuwa, ba ta hana ba. Amma da autanta ya ce shi ma sai ya bi, sai ta kama hannun yaron ta sa a hannun wansa ta ce, "Ka tafi da shi, ka dawo mini da shi." Malam ya ce, "In Allah ya yarda, Inna." Gwaggo tana 'yar shekara bakwai tana tsaye a bakin ƙofa ta ji wannan magana, kuma har ta tsufa ba ta taɓa ba da labarin tafiyar ba tare da ta fara da ita ba.

Sun tashi bayan an gama girbi, shekara guda da ƙare yaƙin Hitila. Mutum biyar ne da jakuna biyu: Malam, da Iya da goyon ɗa namiji, da Gwaggo, da Baffa. A mangala akwai garin gero, da ƙuliƙuli, da daddawa, da kuka, da salkar ruwa, sai gafakar Alƙur'ani a kafaɗar Malam. Suka shiga ayari, suka bi ta Azare da Potiskum da Damaturu har Yerwa, daga nan Dikwa da Ngala, suka haye kogi a kwalekwale daga Kusseri zuwa Fort Lamy, wadda ake kira Njamena tun 1973. A nan guzuri ya ƙare, damina kuma ta kawo jiki, lakar ƙasar ba ta barin jaki ya wuce. Suka yada zango. Malam ya tara yara yana koyar da karatu yana ɗinkin hula, Baffa ya shiga ƙwadago a gonaki, Iya ta kafa kaskon ƙosai. Haka tafiyar ta kasance har ƙarshenta: rani na hanya, damina ta neman guzuri.

Da ƙasa ta bushe suka miƙa gabas ta bakin rafin Bata. A tsakanin Ati da Um Hajar gudawa ta kama ƙaramin. Kwana uku yana bayan Iya, ran na huɗu da asuba ta kwanto shi ta miƙa wa Malam ba ta ce komai ba. Rijiya tana gaba da tafiyar yini, abin da ya rage a salka kuma shi ne na sha. Baffa ya tsiyaye shi a butarsa ya kawo, da shi Malam ya yi wa ɗansa wanka. Aka yi masa salla, aka binne shi a gindin wata aduwa, aka jibga ƙaya a kan kabarin saboda kura. Ayari ba ya jira, hantsi bai yi ba sun tashi. Gwaggo ta ce Iya ba ta waiwaya ba ko sau ɗaya, amma daga ranar har ta koma ga Allah ba ta ƙara sa aduwa a baki ba.

Damina ta biyu a Abeshe ta same su, babban birnin Wadai. Daga nan suka wuce Adre, ƙarshen ƙasar Faransa, suka shiga Junaina, garin Sarkin Masalit, inda aka tsare ayarin kwanaki aka yi wa kowa lamba a dantse saboda agana. Gwaggo ta mutu da tabon tata. Suka ratsa Darfur, Dutsen Marra yana tsaye a kudu, suka wuce Fashir suka faɗa rairayin Kordofan. Abin da ya fi zama a ran Gwaggo a wannan yanki shi ne kukoki. A wajen Nuhud mutane suna rarake cikin kuka, su cika shi da ruwan damina da guga, su riƙa sayarwa da rani. Ta ce bishiyar da suka sani ta miya a gida, a can rijiya ce mai mai ita, ba a sha sai da izini.

A wannan rairayi ne jaki ya faɗi da kaya a wani gangare, butar ta bugi dutse, ta loɓa ta kuma huje. Wata guda Baffa yana toshe ta da ƙaro, har suka isa Al'ubayyid, babbar kasuwar ƙaro, inda ya yi rani yana tsaga ɗakwara yana tara kuɗin jirgi. A bayan kasuwa suka sami wani tsohon maƙeri mutumin ƙasar Katsina, shi ya liƙe ta da dalma. Malam ya tambaye shi yaushe ya zauna a garin. Tsohon ya ce, "Ban zauna ba, Malam, a hanya nake. Shekara talatin ke nan." Yana da mata da 'ya'ya da jikoki, amma a bakinsa har yanzu maniyyaci ne. Irinsa suna da yawa a kowane zango daga Lamy har bakin teku. Gwaggo ta ce daren nan Malam bai yi barci ba.

Al'ubayyid ita ce ƙarshen layin dogo a lokacin. Suka sayar da jakin da ya rage, suka hau jirgin ƙasa karo na farko a rayuwarsu, suka haye gadar Kosti, suka bi ta Sinnar, suka sauka a Madani a ƙarshen 1949, shekara uku cif da barin gida.

Madani ita ce zuciyar Jazira, shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka tsaga ƙasar da magudanai aka mai da ita gonar auduga, irin mai dogon zare da masaƙun Ingila ke nema. Kamfanin Turawa ne ya riƙe aikin har 1950, sannan ya koma hannun hukumar Jazira mai hedikwata a Barakat. Kowane manomi yana da yankinsa da suke kira hawasha, kuɗin audugar kuma kashi 40 nasa, 40 na gwamnati, 20 na masu gudanarwa. Amma hannayen da ke tsinkar audugar, da yawansu na mutanen yamma ne. Bahaushe ne kai, ko Bafillace, ko Babarbare, duk Fallata suke ce muku, ko Takari. Gidanmu ya zauna a bukkokin 'yan ƙwadago a bakin wata magudana, inda sauro da tsargiya ba su bar kowa ba. Daga Janairu zuwa bazara kowa yana gona, har Gwaggo da ɗan kwandonta, ana biya gwargwadon nauyin abin da mutum ya tsinka. Da yamma Baffa yana gasa nama da ƙuliƙuli a bakin tasha. Har yau sunan wannan nama a Sudan agashe, kalmarmu ce ta zauna a bakinsu. A cikin waɗannan bukkoki aka haifi mahaifina a 1950, aka mayar masa da sunan wanda aka bari a gindin aduwa.

Husufin da Malam ya rubuta a bayan hoton shi ne na ranar 25 ga Fabrairu 1952, wanda masana taurari daga Turai da Amurka suka taru a Khartum don kallonsa. Gwaggo tana gona da hantsi gari ya yi duhu-duhu kamar magariba, iska ta yi sanyi, mutane suka zubar da kwanduna suka bi liman salla. Da aka gama tsinkar wannan shekara suka shiga gari a ɗauke su ƙananan hotuna na takardar alhazai. Malam ba ya son hoto, larura ce ta kai shi. Baffa ne ya matsa a yi na taro, ya biya daga aljihunsa, ya sa aka wanke guda biyu. Shi ne kuma ya ɗauko butar ya ajiye a gaba, ya ce ita ma ta sha hanya. Rigar da ke jikin Malam ita ce wadda ya naɗo daga gida, shekara biyar da 'yan watanni ba ta ga rana ba sai ran salla.

Kuɗin jirgin ruwa bai cika ba a wannan shekara, sai ta gaba. A 1953 suka bi jirgin ƙasa ta Khartum da Atbara zuwa bakin Bahar Maliya, suka sauka a Sawakin, tsohon gari mai gidajen dutsen teku wanda ya soma zubewa tun da aka buɗe tashar Bur Sudan a 1909. A nan ake killace alhazai, a duba lafiyarsu da takardunsu. Marasa takarda sukan bi ƙananan jiragen Larabawa masu tafiya da iska cikin dare, wasu su isa, wasu ba a ƙara jin ɗuriyarsu. An yi wa Malam tayin haka da araha, ya dubi Baffa ya ce a'a, shi da amana yake tafe.

Daga Jidda zuwa Makka a ƙasa suka tafi, suna tafiyar dare suna fakewa da rana. Hajjin shekarar a watan Agusta ya faɗo, cikin tsananin zafi. Gwaggo ta ga masallacin kafin babban faɗaɗawar da aka soma a 1955: rumfunan Turkawa kewaye da fili, da Safa da Marwa a matsayin titi mai kantuna hagu da dama, mai sa'ayi yana ratsa masu ciniki. Ta ce da suka shiga ƙofa suka ga Ka'aba, Malam, wanda bai yi kuka a gindin aduwa ba, ya durƙushe yana kuka kamar yaro, Baffa yana riƙe da kafaɗarsa. A Arfa da butar nan aka riƙa ɗiga wa mahaifina ruwa a ka. A Madina sun tarar ana ta gini, domin tun 1951 aka soma faɗaɗa masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Suna Jidda suna jiran jirgi aka ba da sanarwar rasuwar Sarki Abdul'aziz a watan Nuwamba, suna komawa Sudan kuma labari ya iske su cewa Sarki Alhaji ya rasu a Kano a watan Disamba, an naɗa ɗansa Sanusi.

Sun sauke farali, amma gida yana nesa, aljihu kuma ba komai. Suka koma Madani suka ƙara tsinkar auduga ta shekara biyu. Gwaggo ta isa aure, masu nema suka yi ta zuwa, Malam ya ƙi ba da ita, don ya san duk wanda ya yi aure a hanya, hanya ta cinye shi. Abin da ya tsare 'yarsa daga gare shi, shi ya sami ƙanensa. Baffa ya yi aure, wani mai hawasha ya ba shi noman dawa a raba, kuma lokacin da Malam ya ce a ɗaura kaya, matar tana da tsohon ciki.

Sudan ta ɗaga tutar 'yancin kai ranar 1 ga Janairu 1956, a cikin makon suka tashi. Baffa ya raka su tashar jirgi. Malam ya ce, "Auta, me zan gaya wa Inna?" Baffa ya sunkuyar da kai, can ya kwance butar daga kafaɗarsa ya miƙa ya ce, "Yaya, ku tafi da ita, ku ne masu hanya. Ajiya ce. In damina biyu ta wuce, yaro ya yi ƙwari, zan zo in karɓa da kaina." Hoto ɗaya ya bi Malam, ɗaya ya zauna a Madani.

Komowa ba ta yi wuyar zuwa ba. Tun 1948 wasu attajiran Kano, irin su Alhaji Muhammadu Nagoda da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka soma tsara jigilar alhazai a mota, hanyar ta cika da manyan motoci. Abin da suka yi shekara uku suna takawa, wata biyu ya ishe su a bayan mota. Da suka wuce Um Hajar Iya ta rufe fuska da lafaya, ba ta buɗe ba sai Ati. Sun iso gida makonni kaɗan bayan Sarauniyar Ingila ta gama ziyararta a Najeriya, ƙauye ya fito da guɗa.

Tsohuwa tana da rai, amma idonta ya tafi. Ta shafa fuskar Malam, ta shafa ta Iya, ta shafa Gwaggo da ta zama budurwa, ta ɗora jikan da ba ta sani ba a cinya. Sannan ta miƙa hannu cikin iska ta ce, "Ina Auta?" Malam ya sa mata butar a hannu, ya faɗa mata saƙon. Ta daɗe tana shafa loɓar da liƙin, ta ce, "To, a ajiye masa." Ba ta ƙara tayar da zancen ba, amma da butar take alwala har ta rasu damina uku bayan nan. Malam ya ɗauke ta ya sa a ɗakinsa, kuma duk da garin ya koma kiransa Alhaji, bai taɓa jin ya gama tafiyar ba.

Shekarun farko wasiƙu suna zuwa da ajami ta hannun alhazan ƙasa: an haifi namiji, an sami gida a cikin gari, badi in Allah ya so. Zama a can ma ba sauƙi ne da shi ba, domin dokar ɗan ƙasa ta 1957 ta fi sanin waɗanda kakanninsu ke zaune tun kafin Turawa su ci Omdurman a 1898, irin su Baffa kuwa baƙi ne a takarda. Sannu a hankali masu kawo wasiƙar suka ƙare. Gwamnatin Arewa ta kafa hukumar alhazai a 1965, ta tarayya ta biyo a 1975, jirgin sama ya riƙa kwasar mutane daga Kano zuwa Jidda cikin sa'o'i. Yaƙin basasar Chadi da ya soma a 1965 ya ƙarasa toshe hanyar. Hajji ya yi sauƙi, amma zumuncin da ke tafiya da ƙafar alhazai ya rasa mai ɗaukarsa.

Malam ya rasu shekarar da aka kashe Murtala. Kafin ya cika ya kira Iya da Gwaggo ya ce a riƙe ajiyar Auta. A farkon mulkin Shagari wani alhaji ya dawo da kaset da aka ba shi a Makka. Ina yaro aka kunna shi a tsakar gida. Muryar dattijo ce, Hausarsa ta gauraya da Larabci, yana cewa, "Yaya, ina gaisuwa, Yaya, ka yafe mini," yana jera sunayen 'ya'yansa, bai san wanda yake gaisarwa ya shekara huɗu a ƙasa ba. Can wajen ƙarshe ya yi 'yar dariya ya ce, "Butata tana nan ko?" Iya ta tashi ta shiga ɗaki. Bayan 'yan shekaru labarin rasuwarsa ya zo, daga nan shiru ya biyo, shiru na fiye da shekara talatin.

A 2018 ɗan yayata da ke karatu a Khartum ya hau mota zuwa Madani, ya bi masu agashe yana tambaya da sunan ƙauyenmu, har aka kai shi ƙofar gidan. Baffa da matarsa duk sun rasu, amma ga 'ya'ya ga jikoki, ga hoton nan a bangon zaure cikin gilashi. Ranar aka haɗa Gwaggo da babban ɗan Baffa a waya, yaron da aka bari a ciki. Gaisuwa kawai suka iya yi, sauran kuka ne.

Wannan shi ne abin da aka gaya wa malamin rabon gado. Ya janye hannunsa ya ce ajiya ba ta shiga gado, haƙƙin magadan mai ita ne, a sanar da su. Lokacin yaƙi ya riga ya ɓarke a Khartum tun ranar 15 ga Afrilu tsakanin sojojin Sudan da rundunar RSF, Madani ta cika da masu gudun hijira, gidan Baffa kaɗai yana ɗauke da iyali huɗu. A can yamma kuma dubban mutane suna fita daga Junaina zuwa Adre a ƙasa, da jakuna da goyo, ta kan iyakar da su Malam suka shiga. Na kira jikan Baffa, wanda ke ce mini Yaya, na faɗa masa hukuncin. Ya ce a bari ƙura ta lafa.

A watan Disamba 2023 yaƙin ya ci Madani. Wayarsa ta mutu, wata huɗu ba mu ji komai ba. Sai wata asuba saƙon murya ya shigo daga Gadarif: suna raye, sun fita da kayan jikinsu, sun yi kwana biyu suna tafiya a ƙasa da tsofaffi da yara. Bayan sojojin gwamnati sun karɓe garin a Janairu 2025 ya koma ya duba gida. An kwashe komai har ƙofofi. A bangon zaure ƙusa kawai ta rage. Ya ce, "Yaya, naku yana nan?"

Na fito da hoton na shimfiɗa a kan farin ƙyalle, na ɗauke shi da waya gaba da baya, na tura. Ya daɗe bai amsa ba. Da ya amsa, bai fara da kakansa ba. Ya ce, "Ka ga wadda ke gefe, wadda kafaɗarta ta yanke? Habbobata ce, kakata." Ita ce Baffa ya aura. A nan na gane abin da Gwaggo ta yi shekaru tana haɗiyewa: ƙawarta ce ta ƙut da ƙut, ita ce kuma dalilin da Tsohuwa ta miƙa hannu ba ta taɓa kowa ba, ta rasa yadda za ta haɗa biyun a baki ɗaya. Ya ƙara da cewa kakarsa kullum tana nuna musu yarinyar da ke riƙe da hannunta, kuma 'yarta ta fari mace sunan Gwaggo ta ci. Da Gwaggo ta ji wannan da ranta, da ta faɗi sunan ƙawarta.

Na ce masa akwai masu zuwa Umra, zan iya ba da butar a kai wa wani nasu a Makka. Ya ce, "A'a, Yaya, kada ka aiko. Kakanmu cewa ya yi zai zo ya karɓa da kansa. In hanya ta buɗe, ni zan zo."

Na mayar da ita cikin zanen saƙin tare da hoton, na rubuta sunan mai ita da na magadansa a takarda na ɗaura a mariƙin, na kira babban ɗana na nuna masa inda makullin yake. Daga Tsohuwa zuwa Malam, daga Malam zuwa Iya, daga Iya zuwa Gwaggo, ni ne na biyar. An gyara ɗakin baƙi na zaure, an kuma gaya wa dangi na ƙauye su zauna da shiri, domin ranar da ya zo, kabarin Tsohuwa za a fara kai shi.